Tutar alkibla a x86: yadda GCC 4.3 ya tono tsohon kuskure a kenel ɗin Linux

Ranar 5 ga Maris, 2008 aka fitar da GCC 4.3.0, kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da lambar da mutum ya rubuta, kamar ta harshen C, zuwa umarnonin furosesa. Cikin ɗimbin sauye-sauyen da ya zo da su akwai wani ɗan ƙarami da aka ambata cikin 'yan layuka a takardar sanarwa: daga yanzu kwamfailan ba zai ƙara saka umarnin `cld` gabanin umarnonin kwafa da share ma'adana a furosesan x86 ba. Umarni ne mai bayit ɗaya tak, 0xFC. Kafin makon ya ƙare an gano cewa wannan bayit ɗin ya shekara da shekaru yana rufa wa kenel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tsakanin manhajoji da injin, asiri, kuma ba Linux kaɗai ba, har da FreeBSD, wani tsarin makamancinsa.

Abin da ya sa nake ganin wannan lamari ya cancanci a zauna a bi shi daki-daki shi ne, babu wanda ya yi ganganci a cikinsa. Masu GCC sun bi abin da ke rubuce. Masu kenel sun san tutar alkiblar da `cld` ke saukewa, sun kuma kula da ita a kusan kowace ƙofa. Ƙofa ɗaya ce ta kuɓuce musu, kuma ita ce wadda ba ta yi kama da ƙofa ba.

Tutar da aikinta

Tun daga 8086 na kamfanin Intel, wanda ya fito a 1978, furosesan wannan zuriya suna da wasu umarnoni na aiki a kan jerin bayanai: `movs` na kwafa, `stos` na cikawa, `lods` na ɗauka, `cmps` na kwatantawa, `scas` na nema. Idan aka ɗora musu `rep` a gaba, sai su yi ta maimaituwa har adadin da ke cikin ECX, ɗaya daga cikin rajistoci, wato ƙananan ma'ajiyoyin cikin furosesa, ya ƙare. ESI ne ke nuna inda ake ɗebowa, EDI kuma inda ake zubawa. Bayan kowane zagaye furosesa yana matsar da waɗannan rajistoci biyu da kansa. Tambayar ita ce, gaba zai matsar da su ko baya?

Amsar ba ta cikin umarnin. Tana cikin bit na 10 na rajistar EFLAGS, wanda ake kira DF, tutar alkibla. Idan sifili ce, adireshi yana ƙaruwa. Idan ɗaya ce, yana raguwa. `cld` yana sauke ta, `std` yana ɗaga ta. Wato `rep movs` guda, bayit ɗinsa bai canza ba ko kaɗan, yana iya yin aiki biyu masu kishiyantar juna, gwargwadon yadda wanda ya riga shi ya bar tutar. Kamar motar da direba ya ajiye a ribas ne: wanda ya shiga bayansa ya taka totur yana zaton gaba zai yi.

Me ya sa ma ake buƙatar komawa baya? Saboda kwafar da ke hawa kan junanta. A ce akwai haruffa shida, ABCDEF, daga adireshi 100 zuwa 105, ana son a matsar da su gaba da taki biyu, su fara daga 102. Idan aka kwafa daga farko, A zai sauka a 102 ya taka C, B zai sauka a 103 ya taka D. Da aka zo ɗaukar harafi na uku daga 102, ba C za a tarar ba, A ne. Ƙarshenta ABABAB za a samu. Idan kuwa aka fara daga wutsiya, F ya tafi 107, E ya tafi 106, D ya tafi 105 bayan an riga an kwashe F, komai ya isa lafiya. Wannan ne ya sa `memmove`, fankshin ɗin C mai irin wannan kwafa, idan an rubuta shi da asambili, wato umarnonin furosesa kai tsaye, a kan x86 ya daɗe yana da wannan siffa a reshensa na baya:

```
std
rep movsl
cld
```

Tsakanin layin farko da na uku, tutar a ɗage take. Wannan ɗan tsakanin shi ne duk filin da lamarin ya faru.

Abin da aka yi alkawari a rubuce

Da yake tuta ɗaya ce kowa ke amfani da ita, dole a yi yarjejeniya. Takardar ABI, wato ƙa'idar yadda fankshin ke kiran juna a matakin injin, ta System V, wadda Linux da dangin BSD ke bi a kan i386, ta ce dole tutar ta kasance a sauke lokacin shiga fankshin da lokacin fita daga cikinsa. Ta x86-64 ma haka ta ce. Microsoft yana da kwatankwacin wannan sharaɗi a Windows. Ma'anarsa a aikace mai sauƙi ce: wanda ya ɗaga tutar shi zai sauke ta kafin ya kira wani ko ya koma wurin wanda ya kira shi. Kowa kuma yana da 'yancin ya ɗauka a sauke ya same ta.

GCC na da bai yi amfani da wannan 'yanci ba. Duk inda ya ga damar mayar da `memset` ko `memcpy` ko kwafar wani babban tsari zuwa `rep stos` ko `rep movs`, sai ya saka `cld` a gaba. Aikin banza ne idan kowa na cika alkawari, kuma ba kyauta ba ne: a kan Pentium 4 musamman, `cld` yana cin gomman zagayen agogo, abin da kan iya fin ainihin kwafar tsada idan bayanan 'yan kaɗan ne. Don haka cire shi a 4.3 gyara ne mai hujja, kuma sun faɗa a fili cewa daga nan duk wanda ya ɗaga tutar a cikin asambilin da ya cusa a lambar C, wajibi ne ya sauke ta da kansa.

Inda kenel ya yi daidai

Furosesa ba ya sauke DF da kansa idan katsewa ta zo, wato idan aka dakatar da manhaja aka miƙa wa kenel aiki. Yana adana EFLAGS a kan sitak, wato wurin ajiyar wucin gadi a ma'adana, ya sauke tutar bin-sawu TF, ya sauke tutar karɓar katsewa IF idan ta ƙofar katsewa aka shigo, amma DF yana barinta yadda ya same ta. Saboda haka idan agogon tsarin ya katse manhaja tana tsakiyar kwafar baya, kenel zai fara aiki tutar tana ɗage. Shi kuma kenel galibinsa da C aka rubuta shi.

Masu Linux sun san da wannan tun da wuri. A lambar shiga ta i386, wadda ke adana rajistoci kafin a kira kowace lambar C, akwai `cld` a sahun farko. A x86-64, umarnin `syscall`, wanda manhaja ke shiga kenel da shi, yana da rajista ta musamman, IA32_FMASK, inda kenel ke lissafa tutocin da furosesa zai sauke a lokacin shiga, kuma DF tana cikin jerin da Linux ke sakawa. Idan aiki ya ƙare, `iret`, umarnin komawa daga katsewa, ya mayar da EFLAGS yadda take, manhajar ta ci gaba da kwafarta ta baya ba tare da ta san an taɓa ta ba. Wannan ɓangaren ba shi da aibi.

Inda ya kuɓuce

Sigina ita ce hanyar da kenel ke ƙwanƙwasa wa manhaja ƙofa: lokacin da aka saita ya cika, SIGALRM, wata manhajar da ta ƙaddamar ta ƙare, SIGCHLD, an taɓa adireshin da bai halatta ba, SIGSEGV. Manhaja tana iya rajistar wani fankshin nata ta ce idan sigina kaza ta zo a kira mata shi. Shi wannan mai karɓar sigina fankshin ne na C kamar kowane, kwamfaila ya sarrafa shi kamar kowane, yana kuma tsammanin a shigo masa kamar yadda ake shiga kowane.

Sai dai babu wanda ke kiransa da `call`. Ga abin da ke faruwa. Manhaja tana cikin aikinta, katsewa ta zo, kenel ya adana rajistocinta. Kafin ya koma, sai ya ga akwai sigina tana jira. Sai ya kwafe rajistocin da ya adana zuwa kan sitak ɗin manhajar, domin a samu abin komawa daga baya. Sannan ya gyara kwafin da ke hannunsa: ya sa mai nuna umarni ya nuna farkon mai karɓar sigina, ya sa mai nuna sitak ya nuna sabon wurin. Daga nan ya yi `iret` kamar kullum. Furosesa ya ɗauki waɗannan rajistoci da aka gyara, ya sauka a cikin mai karɓar sigina.

To EFLAGS ɗin da `iret` ya ɗauka fa? Ta manhajar ce, yadda take a daidai lokacin da aka katse ta. Kenel yana sauke TF a cikinta, amma bai taɓa DF ba. Shi `cld` ɗin da aka yi a ƙofar shiga kenel ya yi wa kenel amfani ne kawai. Da `iret` ya gudana, tsohuwar tuta ta dawo. Idan an katse manhajar tsakanin `std` da `cld`, mai karɓar sigina zai fara aiki tutar tana ɗage, abin da ABI ta ce ba zai taɓa faruwa ba.

A nan nake ganin asalin kuskuren yake, kuma kuskure ne na fahimta kafin ya zama na lamba. A idon mai rubuta kenel, wannan mataki komawa ce zuwa ga manhaja, kuma ƙa'idar komawa ita ce kada ka taɓa abin da ba naka ba. A idon mai karɓar sigina kuwa, kira ne, kuma ƙa'idar kira ita ce mai kira ya sauke tuta. Kenel ne mai kiran a nan, ko da bai yi amfani da `call` ba. Nauyin yana wuyansa.

Ɓarnar a kusa

Bari mu duba abin da zai faru da ainihin lambobi. A glibc, babban laburaren C na Linux, `sigset_t`, wato ma'ajin jerin sigina, bayit 128 ne. Masu karɓar sigina suna yawan ajiye irinsa a kan sitak su share shi. A ce yana adireshi 0x1000, kuma kwamfaila ya mayar da sharewar zuwa `rep stosl`, ECX yana 32, EDI yana 0x1000, EAX sifili.

Idan tutar a sauke take, za a rubuta sifili daga 0x1000 har zuwa 0x107F. Shi ke nan.

Idan a ɗage take, zagayen farko zai rubuta bayit huɗu a 0x1000, daidai. Na biyu zai sauka a 0x0FFC. Na uku a 0x0FF8. Haka har zuwa 0x0F84. Wato bayit huɗu kawai aka share cikin 128 da ake nufi, saura 124 suna nan da tarkacen da ke cikinsu, sannan an shafe wasu bayit 124 na maƙwabta da ba su ji ba ba su gani ba. Kuma da yake sitak a x86 ƙasa yake girma, abin da ke ƙarƙashin wannan wuri shi ne sauran ma'ajiyoyin fankshin ɗin, da kuma, idan wani ƙaramin fankshin aka kira ya yi sharewar, adireshin da shi kansa zai koma. Ya gama aikinsa, ya yi `ret`, ya tarar da sifili. Ko kuma ɓarnar ta tsaya a kan wasu bayanai, manhajar ta ci gaba da tafiya da gurɓataccen abu, ta faɗi can gaba a wurin da ba shi da alaƙa da sigina ko kaɗan.

Wanda ya taɓa farautar irin wannan matsala ya san azabarta. Lambar C ɗin daidai take. Asambilin da kwamfaila ya fitar, in ka karanta shi layi-layi, daidai yake. Ka sake gudanarwa sau dubu ba ta dawo ba, domin sai sigina ta faɗo cikin wancan ɗan tsakanin.

Tsakanin kuwa ba koyaushe yake ƙanƙani ba. Ana iya katse `rep movs` a tsakiyar zagayensa, don haka faɗin tagar daidai yake da tsawon kwafar. Mai matsar da megabayit da yawa ta baya ya buɗe ta sosai. Ga kuma ƙarin abu: hanyar sauri da Intel ya gina wa waɗannan umarnoni tana aiki ne kawai idan tutar a sauke take, saboda haka kwafar baya ta fi jinkiri, tagar ta ƙara daɗewa a buɗe.

Yadda aka gano

A Debian, ɗaya daga cikin masu rarraba Linux, abin ya fara bayyana. A lokacin ana shirin fitowar da daga baya aka kira Lenny, an fara sarrafa glibc 2.7 da sabon kwamfailan. Sai SBCL, wani tsarin harshen Common Lisp, ya fara maƙalewa yana cin furosesa ba ya gaba ba ya baya. Aurelien Jarno, ɗaya daga cikin masu kula da glibc a Debian, shi ya bi sawun matsalar har ya kai ga tutar, ya kai rahoto ga masu kenel da masu GCC a farkon watan Maris, ya kuma rubuta facin.

Ba mamaki da SBCL ne ya fara cin karo da ita. Yawancin manhajoji sigina baƙuwa ce a wurinsu, sai jefi-jefi. SBCL na wancan lokacin kuwa da sigina yake gudanar da harkarsa ta yau da kullum: mai kwashe sharar ma'adanarsa yana kulle shafuka ya jira SIGSEGV ta gaya masa wanda aka rubuta wa, kuma yana amfani da tarko wajen kama kurakurai. Sannan yana fitar da lambar injinsa da kansa, wadda ke ɗaga tutar a wasu wurare. Sigina da yawa, `std` da yawa, masu karɓar sigina da ke kiran glibc: duk sharuɗɗan sun haɗu a gida ɗaya. Abin da zai ɗauki wata manhaja shekaru kafin ya same ta sau ɗaya, SBCL yana gamuwa da shi a kai a kai.

An ba matsalar lambar CVE-2008-1367 a jerin raunin tsaro da aka sani, domin a ƙa'ida wanda ke iya sarrafa lokacin zuwan sigina yana iya jawo gurɓatar ma'adana. Cin moriyarta a aikace yana da wuya, amma gurɓatar sitak ba abin da ake yi wa sakaci ba ne.

Gardamar

Ba a daɗe ana jayayya kan ko kenel ya yi kuskure ba. Takarda a fili take. Facin ma ɗan mitsitsi ne: a wuraren da ake shirya sitak ɗin sigina, na 32-bit da na 64-bit da na manhajojin 32-bit masu gudana a kan kenel na 64-bit, inda ake sauke `X86_EFLAGS_TF` sai aka ƙara `X86_EFLAGS_DF` kusa da shi. Ya shiga Linux 2.6.25, wanda ya fito a watan Afrilu na 2008, kuma masu rarraba Linux suka ɗauke shi suka liƙa wa tsofaffin kenel ɗin da suke tallafawa. FreeBSD ya yi nasa gyaran a cikin watan Maris ɗin.

Inda aka kai ruwa rana shi ne abin da GCC zai yi. Wani ɓangare ya ce a mayar da `cld`. Hujjarsu: kenel ɗin da ke da kuskuren suna kan miliyoyin injuna, kuma ba gobe za a sauya su ba. Mutum yana iya sarrafa manhaja da sabon kwamfaila a kan injin da aka gyara, ya aika wa wanda kenel ɗinsa tsoho ne. Ko a inji ɗaya ma, mai ɗaukaka Debian daga Etch, wanda ya zo da kenel 2.6.18, yakan sami sabuwar glibc tana gudana a kan tsohon kenel kafin ya sake kunna injin. A ganinsu, abin da ya yi shekara goma sha yana aiki shi ne yarjejeniyar gaskiya, ko me takarda ta ce.

Ɗaya ɓangaren ya ce a'a. Idan kwamfaila zai riƙa biyan bashin duk wanda ya karya ABI, to ABI ɗin ba ta da amfani, kuma kowace manhaja a duniya za ta ci gaba da biyan kuɗin `cld` saboda kuskuren da layi ɗaya ke gyarawa.

Ni ina tare da ɓangare na biyu a kan asali, kuma dalilina ba saurin gudu ba ne. Tsohon halin GCC bai taɓa zama cikakkiyar kariya ba. Yana kare umarnonin da kwamfailan ya fitar da kansa ne kawai. Duk asambilin da mutum ya rubuta da hannu yana dogaro da ABI, a cikin laburare ko a cikin manhaja, a buɗe yake ga wannan matsala tun kafin 2008. Akwai ma wata hanya da ba ta bi ta kan kwamfaila sam: mai karɓar sigina da ya fice ta `siglongjmp` maimakon ya koma. A tsohon kenel, idan ya shigo tutar tana ɗage kuma babu abin da ya sauke ta a hanya, haka zai fice da ita zuwa tsakiyar manhajar, ta ci gaba da tafiya a haka. Mayar da `cld` zai rage yawan faruwar abin ne, ya bar ramin. Kuma rage yawan faruwa ba tare da toshewa ba shi ne ainihin abin da ya sa kuskuren ya rayu tun farkon shekarun 1990 ba a gan shi ba.

Amma ba zan ce masu ɗaya hujjar ba su da gaskiya ba. Mai kula da sabar da ke ɗauke da albashin ma'aikata bai damu da wanda takarda ta ba gaskiya ba. Yana son injinsa kada ya faɗi. Abin da aka yi a ƙarshe ya ba kowa haƙƙinsa. GCC 4.3.1, wanda ya fito a watan Yuni na 2008, ya zo da zaɓin `-mcld`, wanda ke saka `cld` sau ɗaya a farkon duk fankshin da ke amfani da waɗannan umarnoni, da kuma `--enable-cld` ga mai gina kwamfailan da ke son hakan ya zama halinsa na kullum a kan x86 mai 32-bit. Sau ɗaya a farkon fankshin ya wadatar, domin bayan nan duk wanda aka kira zai dawo da tutar a sauke, duk katsewar da ta zo kuma za ta mayar da ita yadda ta same ta. Asalin halin kwamfailan bai koma baya ba. Lenny ya fito a watan Fabrairu na 2009 da GCC 4.3 da kenel 2.6.26, wanda ya riga ya ƙunshi gyaran.

Sauran ƙofofin

Wanda ke rubuta ƙaramin kenel nasa, ko don koyo ko don aiki, zai ci karo da wannan tambaya a wurare fiye da yadda yake zato, kuma hanyar gane su ɗaya ce: duk inda lambar C za ta fara gudana ba tare da wata lambar C ce ta kira ta ba, wani ne zai sauke tutar, kuma wannan wanin shi ne mai rubuta asambilin wurin.

Farkon tashi yana ciki. Ƙa'idar Multiboot, wadda GRUB, manhajar da ke tayar da kenel, ke bi, ta yi alkawarin halin tutoci biyu kawai a EFLAGS lokacin miƙa mulki, VM da IF. Sauran ta ce ba a ƙayyade su ba. Shi ya sa `cld` ke cikin umarnonin farko a wurin shigar Linux na 32-bit. Kowace ƙofar katsewa da ta kuskuren furosesa tana ciki. `sysenter`, wani umarnin shiga kenel, yana ciki, domin ba ya sauke DF kuma ba shi da rajistar rufe tutoci irin ta `syscall`. Ƙofar da manhaja ke shigowa kenel ta fi kowacce haɗari, saboda a nan ba sa'a ake jira ba: manhaja tana iya yin `std` da gangan ta shigo, kuma idan kenel bai sauke ba, ita ce ta zaɓa masa alkiblar da zai riƙa rubutu a cikin ma'adanarsa.

Kuskuren bai mutu a 2008 ba. A 2019 masu bincike daga jami'ar KU Leuven ta Beljiyam da jami'ar Birmingham ta Ingila suka duba lambar shiga ta keɓaɓɓun ɗakunan SGX na Intel, inda ake ɗaukar duk abin da ke waje a matsayin abokin gaba. Suka tarar wasu daga cikin tsare-tsaren ba sa tsabtace tutocin furosesa a bakin ƙofa, har da DF. Sabuwar fasaha ce, sababbin mutane, amma siffar matsalar ita ce dai: lambar C tana jiran alkawarin da babu wanda ya ɗauki nauyin cikawa.

Yadda za a gwada

Gwajin ba ya buƙatar jiran sa'a. A yi rajistar mai karɓar siginar SIGTRAP. A cikin asambili ɗaya da ba a raba shi ba, a yi `std`, a bi shi da `int3`, wanda ke jawo siginar nan take. Kada a yi amfani da `raise` ko `kill` na laburare a wannan wuri, domin kiransu tutar tana ɗage shi kansa karya yarjejeniya ne, kuma zai gurɓata sakamakon. A cikin mai karɓar siginar, abu na farko shi ne `pushf`, wanda ke ɗora EFLAGS a kan sitak, a ciro ƙimar, a duba ta da 0x400, wato bit na 10. Idan ba sifili ba ce, kenel ɗin yana da kuskuren 2008.

Akwai rabi na biyu da mutane ke mantawa, kuma a wurina ya kai na farko muhimmanci. Bayan mai karɓar siginar ya koma, a daidai bayan `int3`, a sake yin `pushf` kafin a yi `cld`. A nan dole tutar ta kasance a ɗage. Dalili shi ne jerin matakan gyaran: sai an kwafe EFLAGS ta asali zuwa sitak ɗin manhaja tukuna, sannan a sauke DF a kwafin da za a shiga mai karɓar sigina da shi, kuma `sigreturn`, hanyar komawa daga mai karɓar sigina, ya yarda ya dawo da DF daga abin da aka adana. Wanda ya juya jerin, ya sauke kafin ya adana, zai wuce rabin farko na gwajin lafiya lau. Amma `memmove` ɗin da aka katse yana tsakiyar kwafar baya zai farka ya tarar tutar a sauke, ESI da EDI suna tsakiyar hanya, ECX da sauran adadi, ya juya ya ci gaba da kwafa zuwa gaba: ya sake taka abin da ya riga ya kwafa, ya bar kashin farko na bayanan ba a matsar da shi ba, kuma idan abin da ya rage ya fi wanda aka gama yawa, ya zarce ƙarshen wurin da aka ba shi.